Ɗiyar Hajiya Inno ta Shagari

Shekarar da aka turo Malama Ramatu makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke Bodinga, abin da ya fara damunta shi ne yadda ɗalibai ke gama aji shida da sakamako mai kyau, sannan su zauna gida. Yawanci ba iyaye ne ke hanawa ba. Sai an zo kan sayen fom ɗin Jamb, ko rajista, ko katifa da bokiti da abincin tafiya, a tarar babu wanda ya taɓa tunanin abin kafin ranar. Ita kanta Ramatu ta yi irin wannan zaman a gidansu a Sakkwato kafin ta samu shiga jami'a, kuma ba ta manta ɗacinsa ba.

Sai ta ƙirƙiro zaman Laraba. Idan an tashi, takan tara 'yan aji huɗu a gindin dogonyaro, a shimfiɗa tabarmi, ta tambayi kowace abin da take so ta karanta, da inda ake karanta shi, da abin da za ta fara yi tun yanzu don ta kai can. Wasu suka kama ɗinkin hula, wasu ƙunshi, wasu suka roƙi iyayensu kwami biyu a lambun albasa. Ta koya musu yadda ake neman tallafin karatu na jiha, da cewa difloma a kusa da gida ba abin kunya ba ce.

A cikinsu akwai Fiddausi, 'yar Malam Ɗantani, manomin albasa a Danchadi. Bahaguwa ce, mai yawan magana da dariya, ga musu. Ranar da aka tambaye ta, ba ta yi jinkiri ba.

"Likitar dabbobi, Malama."

Aka yi mata dariya, ta ce su yi, wata rana su za su kawo mata awakinsu. Tana da jar akuya guda da kakarta ta ba ta, kuma ta riga ta tsara cewa 'ya'yan akuyar nan su za su kai ta kwalejin noma da kiwo. Duk Laraba sai ta ba da labarin akuyar kamar wata ƙawarta.

A ƙarshen aji huɗu abubuwa suka juya wa gidansu. Albasar da Ɗantani ya ajiye a rudu, rumbun ajiyar albasa, yana jiran kasuwa ta tashi, ruwan farko ya shige ta, fiye da rabi ta ruɓe. Aka sayar da 'ya'yan akuyar aka sayi gero. Ana cikin haka saƙo ya zo daga Shagari. Hajiya Inno, matar marigayi Alhaji Abdulƙadir dillalin shanu, wanda mahaifin Ɗantani ya taɓa yi wa kiwo, ta ji labarin yarinyar, ta ce ta ɗauki nauyin karatunta har jami'a. Abu ɗaya ta nema, Fiddausi ta riƙa zuwa hutu wajenta, don ita kaɗai ce a gidan.

Ɗantani ya zo makaranta da kansa ya faɗa wa Malama Ramatu, hawaye a idonsa. Ramatu ta yi murna ƙwarai. Har ta kafa misali da abin a zaman Laraba, ta ce mai ƙoƙari Allah na kawo masa mataimaki.

Fiddausi ta yi dogon hutu a Shagari. Da aka dawo makaranta, Ramatu ta ga ta yi haske, ta yi tsaf, amma ta yi shiru. Ana kiran suna a aji sai an maimaita "Fiddausi Ɗantani" kafin ta ɗago, kuma ta amsa kamar wadda ke amsa wa wata. A sati na biyu Ramatu na zagayawa tsakanin kujeru ana gwaji, ta tsaya a kanta. Yarinyar na rubutu da hannun dama. Rubutun ƙanana ne, a kwance, masu kyau, ba irin manyan baƙaƙen da ta saba ba.

"Me ya samu hagun ɗinki?"

Fiddausi ta dubi hannunta na hagu da ke kan cinya, ta ce, "Ba komi, Malama."

Ranar Laraba ta biyo Ramatu ofis ta ce tana so a mayar da ita ajin 'yan adabi, don shari'a za ta karanta.

"Shari'a kuma? Ina likitancin dabbobi?"

"Ai ni tun can lauya nike so in zama."

"Akuyarki fa?"

Ta yi ɗan tunani. "Tana nan, ina ji."

Ramatu ta ce ta ba ta lokaci. Yara na sauya ra'ayi, ta san da haka, kuma ita ce ke ce musu su yi ta tunani. Amma yadda yarinyar ta ce "tun can" ya tsaya mata a rai. Ta faɗe shi ne kamar mai maganar abin da ya daɗe ƙwarai.

Da aka ba da hutun tsakiyar zango, Fiddausi ta koma Shagari. Ranar Asabar Ramatu ta hau bas daga tashar Bodinga, da niyyar ta yi wa Hajiya godiya, ta kuma roƙe ta ta bar yarinyar a kan abin da ta zaɓa. Ta isa rana tsaka. Mai keke ya sauke ta a ƙofar wani babban gida na ƙasa mai dogon zaure, ya juya tun kafin ta gama gyara mayafi.

Ta yi sallama a zaure, ta ƙara a tsakar gida. Gidan a share yake tas, amma babu kaza, babu akuya, babu ko hayaƙi a murhu. Daga wani ɗaki aka amsa.

Hajiya Inno tsohuwa ce siririya, fara, da carbi a hannu. Ta karɓe ta da fara'a, ta shimfiɗa mata darduma, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan ta ɗaga murya kaɗan.

"Ummu, kawo ma Malama ruwa."

Fiddausi ta shigo da kofi a kan faranti. Tana sanye da wata atamfa da Ramatu ta san zanenta, irin wadda yayyenta suka yi yayi tana ƙarama. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma gefe ta zauna.

"Hajiya, na ji kina ce mata Ummu."

"Sunan gida na," in ji tsohuwar tana murmushi. "Ta saba da shi."

Ramatu ta fara magana a hankali. Ta yi godiya, ta yaba alherin, ta kawo batun kimiyya da adabi, ta ce yarinyar tana da hannu a kiwo, kuma kwalejin da take so ba ta da tsada. Hajiya na gyaɗa kai tana jan carbi. A lokacin ne Ramatu ta lura akwai wata murya a gidan.

A bayan Hajiya akwai ƙofar ƙuryar ɗaki, da labule. Daga can ake jin muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana karatu da Turanci irin na mai hadda, ta karanta jimla ta maimaita. Can sai a ji an buɗe shafi. Ramatu ta kasa kunne.

"Akwai wata ɗaliba a gidan ne, Hajiya?"

"Karatu takai. Ba ta son a dame ta da rana."

Ramatu ta juya wajen Fiddausi don ta tambaye ta ko wace ce. Yarinyar na zaune, idonta a kan tabarma, leɓɓanta na motsi. Babu sauti a bakinta, amma duk inda muryar ƙurya ta tsaya, leɓɓan su tsaya, inda ta ci gaba, su ci gaba. Da aka buɗe shafi, yatsan Fiddausi na dama ya motsa a kan gwiwarta.

Iska ta ɗan ɗaga labulen. Ramatu ta ga cikin ɗakin kusan duka, don ƙarami ne. Akwai akwatin ƙarfe a ɗaure da igiya, da katifa a naɗe cikin leda, da bokiti da risho a cikinsa. Akwai tebur da kujera. Babu kowa a kan kujerar. Labulen ya koma, karatun bai tsaya ba.

Ramatu ta ajiye kofin. Ta karanta abin da ya zo bakinta na addu'a a zuci, ta miƙe ta ce za ta koma kafin motoci su yi wuya. Ta ce Fiddausi ta raka ta bakin titi.

"Ba ta fita da rana," in ji Hajiya, har yanzu da murmushi. "Allah shi kiyaye hanya, Malama. Mun gode da kika riƙe muna ita."

Ramatu ta fito. A ƙofar wani gida can gaba ta ga mace na dama fura, ta roƙi ta zauna a inuwa. Matar ta dube ta, ta dubi gidan da ta fito, ta miƙo mata ludayi ba ta tambaye ta komai ba. Ramatu ce ta yi tambaya.

"Wace ce Ummu?"

Matar ta ce Ummulkhairi ke nan, ɗiyar Hajiya guda ɗaya tilo. Ta yi ƙoƙari a makaranta irin wanda ba a taɓa gani ba a unguwar, ta samu gurbin karanta shari'a a jami'a, aka yi mata sayayya, aka ɗaure kaya. Ana saura kwanaki kaɗan ta tafi zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. An daɗe. Yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure.

"Kuma wagga ba ita ta farko ba," in ji matar, ta rage murya. "Dubi can."

A tsallaken hanya, a bakin wani zaure, wata mata na zaune a kan jakar Gana-mas-go. Za ta kai shekara talatin. Ta yi lulluɓi tsaf, da takalmi a ƙafa, da jakar hannu a cinya, tana kallon titi.

"Altine ke nan. Ita Hajiya taf fara ɗauka. Ta yi karatu, ta ci jarrabawa, ta samu shari'a ita ma. Satin tahiya tak kwanta ciwo. Ba ta mutu ba, ta tashi, amma haka tat tashi. Kullum da hantsi ta fito da kaya, sai la'asar uwarta ta shigar da ita."

Ramatu ta tsallaka ta yi mata sallama. Altine ta amsa da ladabi, ta ce tana jiran mota ne, Litinin za a fara rajista. Ramatu ta tambaye ta sunanta.

"Ummulkhairi Abdulƙadir," in ji ta.

Ramatu ba ta koma gida ba. Daga Bodinga ta hau babur zuwa Danchadi, ta tarar da Ɗantani a fadama yana gyaran kwamin iri. Ta faɗa masa duk abin da ta gani da abin da ta ji. Ya ajiye fartanya.

"Malama, na san Hajiya ta rasa ɗiya. Tsohuwa ta, kewa ka damunta. In ta kira ɗiyata da sunan tata, mi ya ragu? Ni kuwa ba ni da abin kai ta ko'ina. Kin ga rudun nan, wofi shike."

"Malam, ni na fara murna da abin nan, ni na ƙarfafa maka gwiwa. Ban ce ka yarda da maganata ba. Ka je ka gaida Altine, ka tambaye ta sunanta, sannan ka shiga ka kira 'yarka da sunan da ka raɗa mata."

Washegari suka tafi tare. Ɗantani ya tsaya wajen Altine, suka yi magana kaɗan, ya dawo fuskarsa ta sauya. Suka shiga gidan. Hajiya ta karɓe su kamar jiya, kuma muryar ƙurya na nan tana karatunta. Ramatu ta ga Ɗantani ya ji, don wuyansa ya sandare, ya ƙi duban labulen.

"Fiddausi," ya ce.

Yarinyar ba ta ɗago ba.

"Fiddausi, tashi mu tahi gida. Akuyarki na naƙuda tun asuba, ɗan ya gitta, uwarki ta rasa yadda za ta yi."

Gaskiya ya faɗa, don a haka suka baro akuyar. Leɓɓan Fiddausi suka tsaya. Muryar ƙurya ta ci gaba ita kaɗai, ta ɗan ƙara ƙarfi. Yarinyar ta ɗago ta dubi ubanta kamar wadda aka tasa daga barci.

"Baba, kun ja shi?"

"Ba mu taɓa ba."

"Kar a ja. Sai an maida shi an gyara ƙafafun."

Ta miƙe. Hajiya ta kama gefen zanenta, ba da ƙarfi ba.

"Ummu, jarrabawa ta matso."

Ɗantani ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Hajiya, Allah shi saka da alheri, Allah shi jiƙan Alhaji, shi jiƙan Ummulkhairi. Wagga Fiddausi ta, ɗiyata. Zan tahi da ita."

Da ya ambaci rasuwar, karatun ya tsaya cak. Ramatu ta cire mayafinta na sama ta ba yarinyar, ta sa ta sauya atamfar a zaure ta mayar da kayan makarantarta da suka taho da su, suka ajiye atamfar a ninke a bakin ƙofa. Ba su ɗauki ko tsinke daga gidan ba. Hajiya ba ta biyo su ba.

Sun tarar da akuyar da rai. Fiddausi ta wanke hannu, ta shafa man gyaɗa, ta durƙusa a turken ta yi abin da ta sani. Ɗa ɗaya ya zo a mace, ɗaya ya rayu. Bayan ta gama ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai tsawo, ta ce ba ta tuna yawancin kwanakin da ta yi a Shagari, sai dai ta san kullum tana jin sauri, kamar mota za ta tafi ta bar ta.

Ba ta warware nan da nan ba. Limamin unguwarsu ya yi ta yi mata addu'a, uwarta na ba ta rubutu. Ta yi zazzaɓi mai zafi a ƙarshen zangon, har aka kwantar da ita a asibiti, ta tashi. Wani lokaci a aji Ramatu kan ga ta yi tsit tana kallon ƙofa, sai ta kira sunanta da ƙarfi, ta sa ta zo allo ta zana cikin akuya. A hankali musun ya dawo, dariyar ma ta dawo, ko da yake ba kamar da ba.

Aka koma kan shirin farko, wanda ya fi wuya kuma ya fi jinkiri. Ɗantani ya ware mata kwami a fadama, ta riƙa zuwa ban-ruwa Asabar da Lahadi. Ramatu ta samo mata aikin hutu a shagon wani mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwar Bodinga. Da ta gama aji shida ba ta tafi a shekarar ba, don abin da aka tara bai kai ba. Ta ƙara shekara tana kiwo da aikin shago, ta nemi tallafin jiha, ta samu wani abu. Shekarar da ta biyo ta shiga difloma a kwalejin noma da kiwo. Katifar da ta tafi da ita tsohuwa ce ta uwarta.

Tun daga lokacin Ramatu ta ƙara abu ɗaya a zaman Laraba. Duk wadda wani ya ce zai ɗauki nauyinta, sai ta zo ta faɗa, Ramatu ta je gidan da ƙafarta, ta zauna, ta ji abin da ake so a madadin taimakon.

Wata Laraba bayan tafiyar Fiddausi, tana zaune da sababbin 'yan aji huɗu a gindin dogonyaro, keke ya tsaya a bakin ƙofar makaranta. Hajiya Inno ta fito. Ta ƙara tsufa, tana dogara sanda. Ramatu ta tashi da sauri ta tare ta tun kafin ta iso wajen tabarmin.

Suka gaisa. Hajiya ta tambayi lafiyar Fiddausi, da sunanta na gaskiya, ta ce ta ji ta tafi, Allah shi ba da sa'a. Sannan ta dubi yaran.

"Ban zo ɗaukar kowa ba, Malama. An ce ke ka koya ma yara yadda za su kai jami'a. Ita ma so takai ta kai. Ta gaji da ɗakin nan. Ki bar ta ta riƙa zama cikinsu tana saurare, ba ta da surutu."

Ramatu ta ji tausayinta har cikin ƙashi, ta kuma ji tsoro. Ta riƙe hannun tsohuwar.

"Hajiya, Ummulkhairi ta riga mu gidan gaskiya. Abin da zai kai mata yanzu addu'a ce da sadaka. Ki kwance kayan nan ki bayar. Ki taimaki mahaifiyar Altine a kai ta asibiti a Sakkwato. In kin yarda, ni zan zo in taya ki."

Hajiya ta dube ta. "Haka liman yac ce," in ji ta. "Zan yi tunani."

Ta juya a hankali ta koma wajen keken. Ramatu na tsaye ta ga ta tsaya a gefe, ta jira kaɗan kamar mai ba wani hanya ya fara shiga, sannan ta hau ta zauna a bakin kujera. Keken ya tafi.

Ramatu ta dawo gindin itacen. Yaran sun matsa sun bar fili a tsakiyar tabarma, daidai zaman mutum ɗaya. Wata ƙarama mai suna Suwaiba ta ɗaga hannu.

"Malama, ɗiyar da ta zo tare da Hajiya ba za ta zauna da mu ba? Mun gyara mata wuri."

"Wace ɗiya?"

"Doguwar nan mai littafi. Tana bayanki sa'ad da kuke magana."

Sauran suka gyaɗa kai. Ramatu ta dubi titi, keken ya riga ya sha kwana. Ta ce su naɗe tabarmin, yau a cikin aji za a yi zaman. Da suka shiga ta rufe ƙofa, ta sa suka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ga wata ɗaliba da ta rasu tun kafin a haife su. Sannan ta ɗauki alli, ta fara yi musu bayanin darussan da ake bukata ga mai son karatun jinya.